Kawuna da Sunan Macijiyar Rairayi

Duk wanda ya shigo gaisuwa, da ya gama cewa Allah ya jiƙan Baba, sai ya rage murya ya tambaye ni: "Maciji ne?" Na amsa har na gaji. Ba maciji ba ne. An same shi ne bayan la'asar a gonar da yake gadi a Umm Salal, yana zaune ya jingina da dabino, tiyon ban ruwa yana ta kwarara a gefen ƙafarsa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya.

A Al Asmakh muka yi zaman makoki, a ɗakin amininsa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da suka zo ƙasar nan kusan lokaci ɗaya. Ɗakin bai ɗauki mutane ba, wasu suka shimfiɗa kwali a bakin ƙofa. Direbobi, masu gadi, masu dafa abinci a gidajen Larabawa, kowa da rigar aikinsa, kowa yana duba agogo domin izinin da ya samu na awa ɗaya ne. Ni kaɗai ce jininsa a Qatar, don haka ni ake yi wa gaisuwa, ina zaune a ƙofar kicin da wasu mata biyu. Mijina yana cikin maza.

Wani direba ya ce Baba ne ya tare shi a filin jirgi ranar da ya sauka, alhali bai taɓa saninsa ba, waya kawai aka yi masa daga gida. Wata mata ta ce shi ya rada wa ɗanta suna. Wani ya ce sun yi shekara biyu ba sa magana saboda Baba ya gaya masa gaskiya a gaban mutane, kuma har yau yana ganin bai kamata a gaban mutane ba, amma Allah ya jiƙansa. Amininsa kuwa yana ta zuba shayi, yana miƙa wa waɗanda ma ba su shanye na farko ba.

Kafil ɗinsa ma ya zo, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, tsoho ne shi ma, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da Larabci: "Ban san wanda zan ba makullin gonar ba." Ya yi addu'a ya tafi.

Mahaifiyata ta kira daga Kano tana kuka, tana cewa a kawo mata ɗan uwanta. Matarsa ta kira daga Kumasi, ita ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ku binne shi a nan. Ƙasar da ta ci ƙarfinsa ta ci sauran." A nan aka binne shi.

Ina rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake mantawa da mutum a garin nan. Ba don mugunta ba. Kowa a gajiye yake, gadon da mutum ya bari kafin sati ya zagayo an ba wani.

Kawu, wanda mutanen nan ke kira Baba, yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A zangon Kumasi aka haife su, ita aure ya kai ta Kano, shi kuma neman abinci ya kawo shi nan tun ban shiga firamare ba. Ban taɓa ganinsa ba sai da na samu gurbin karatu a Doha. Ranar da muka fara haɗuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ɗan ƙanena?" Na juya ina neman wanda yake yi wa magana. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Da farko abin yana ba ni dariya. Yanzu babu mai ce mini "kai", kuma ban san zan yi kewar hakan ba.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Yana ajiye goro a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya raba ɗaya gida huɗu ya ci kwana huɗu. Idan ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce, "Jiki na kafil ne, barci nawa ne." Idan ka tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce baɗi. Na ji baɗin nan sau uku da kunnena, amininsa kuma ya ce shi ya daina ƙirgawa. Duk Juma'a yakan shigo gari, ya yi sallah, ya biyo ta gidanmu a Nu'aija. Ba ya cin shinkafata sai ya zuba mata yajin da yake yawo da shi a kwalba, ya ce abincin 'yan Nijeriya ba ya magana.

Karatuna na harsuna ne, Larabci da danginsa, cikinsu har da tsohon Ibrananci. Da mahaifiyata ta ji haka hankalinta ya tashi. Ta kira Kawu ta ce ya yi mini faɗa, an tura ni ƙasar Musulmi na je ina koyon harshen Yahudawa. Ina zaune kusa da shi, ina jin muryarta tana fita ta wayar. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Harshe ba ya sallah, ba ya kafirci. Mai bakin ne ke yi. Ka bar yaro ya yi karatunsa." Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba. Shi kuma bai taɓa tuna mini cewa ya yi mini wannan ba.

Babi guda a kundin digirina a kan sunayen macizai ne a tsoffin littattafan addini na Ibrananci. Akwai kalma ɗaya da ta hana ni sakat: shefifon. Sau ɗaya tak ta zo a duk littattafan, a inda wani uba tsoho, yana gab da mutuwa, yake siffanta 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamanta ɗaya da macijin da ke kwance a kan hanya, wanda ke saran doki a diddige har mahayi ya faɗo ta baya. Kalmar da ta zo sau ɗaya ba ta da 'yar uwar da za a gwada ta da ita. Masu fassara na dā sun rabu. Wasu sun ce ma'anarta mai kwanton ɓauna, wasu sun ce macijiya ce mai ƙaho. Ƙamusoshin da nake dogara da su sun karkata ga cewa tushen kalmar yana nufin jan ciki, ko goga abu da abu. Ni na zaɓi jan ciki, domin ya fi sauƙin karewa, kuma na gaji. Wata huɗu ina kan kalma ɗaya.

Wata Juma'a Kawu ya same ni na baje takardu a tabarma, idona ya yi ja. Ya tambayi abin da ke damuna. Na gaya masa don dai in fitar da abin daga cikina, ban sa ran komai ba.

Ya ce, "Sake faɗin sunan."

Na ce, "Shefifon."

Ya maimaita a hankali, sau biyu. Sannan ya ce, "Kuma ka ce ma'anarsa mai jan ciki?"

"Haka na rubuta, Kawu."

"Wane maciji ne ba ya jan ciki? Mesa yana ja, gamsheƙa yana ja, har tsutsa yana ja. Ba a rada wa mutum suna mai ƙafa biyu. Ana sa suna da abin da shi kaɗai yake yi." Ya ajiye kofin shayinsa. "Mene ne ɗayan ma'anar?"

"Goga abu da abu."

Sai ya haɗa busassun tafukan hannunsa ya goga su da juna, suka ba da wata ƙara, shif, shif, shif. Ya ce akwai wata gajeriyar macijiya a rairayin bayan gonarsu, mai ƙaho biyu a saman ido, Larabawan nan suna ce mata Ummu Junaib don tafiyar gefe take yi. Tana binne jikinta a ƙasa mai laushi, har cikin sawun dabba, ido kawai take bari a waje. Ba ta tashi tsaye kamar gamsheƙa, shi ya sa ba ta kai wa sama da diddige. Idan ta ji tsoro ba huci take yi da baki ba, nannaɗewa take yi ta goga kaushin jikinta da juna. "Kububuwa na gida ma haka yake yi," in ji shi. "Mutanen dā sun ji wannan ƙara. Wanda ya ji shi ba ya mantawa. Sunan nan naka ƙarar ne."

Na taɓa karantawa a littafi cewa macijiya mai ƙaho tana yin haka, amma ban taɓa haɗa shi da kalmar ba. Ba hujja ba ce da za ta rufe bakin kowa. Amma ta fi abin da na rubuta hankali nesa ba kusa ba.

Na sake rubuta babin. A ƙasan shafi na sa ɗan bayanin inda na samo tunanin. Bayan sati biyu, cikin jin daɗi, na ce masa ya shiga littafi. Ya ce in karanta masa. Na fassara masa kamar yadda na rubuta: wannan bayani na samo shi daga wani lebura ɗan Afirka ta Yamma da ke aiki a wata gona a arewacin Doha.

Ya ce, "Lebura."

Na fara bayani. Na ce ƙa'idar jami'a ce, ba a sa sunan wanda aka yi hira da shi sai da takardar izini, don kare shi ne.

"Ban ce ka sa sunana ba. Sunana a fasfo yake, fasfo ma ba ya hannuna. Na ce, ba ka da kawu ne?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Shekara nawa Larabawa suna kirana ya hajji, ya hajji, babu wanda ya san sunan ubana. Na yi haƙuri, aiki ne. Yau ɗan ƙanena ya ɗauki alƙalami ya rubuta wani lebura."

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Sai na ce, "Kawu, ai ba ka san yadda rubutun ilimi yake ba."

Ya miƙe, ya mayar da kwalbar yajinsa aljihu, ya ce, "Halas. Shi ke nan." Mijina ya bi shi har titi yana ba shi haƙuri, Kawu ya ce a bar shi ya hau bas.

Juma'a shida bai zo ba. Ni ma ban kira ba. Nakan ɗauki waya in ajiye. Ina gaya wa kaina cewa aiki ya yi mini yawa, kuma gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Daga baya amininsa ya gaya mini cewa Kawu ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya yi karatun littattafai a zaure har ana sa ran zai gaji malaminsu. Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Shi ya fara kira. Wata Asabar ce a lokacin sanyi, mun idar da sallar asuba ke nan. Bai yi gaisuwa ba, ya ce, "Yalla, ka taso maigidanka ya kawo ka. Baƙonka ya iso."

Muka isa Umm Salal rana ta fara fitowa. Yana jiranmu a ƙofar gona da doguwar zarɓar dabino a hannu. Ya sa muka saka takalman roba na ma'aikata, ya bi da mu ta bayan katangar waya inda ƙasar noma ta ƙare rairayi ya fara. Ya nuna mini wani sawu, layi-layi a karkace kamar an jera sanduna. Muka bi shi har gindin wani ɗan tsiro. Ya ce, "Duba."

Ban ga komai ba sai rairayi. Ya ce in ƙara dubawa. Can sai na ga idanu biyu, da wasu ƙananan tsinke biyu a samansu. Taku uku ne tsakaninmu. Da ni kaɗai ce da na taka ta.

Na zaro waya zan ɗauka. Ya ce, "Mayar da wannan. Ka ji da kunnenka tukuna." Ya taɓa ƙasar gefenta da zarɓar. Rairayin ya motsa, ta fito, gajeriya, kalar ƙasar sak, ta nannaɗe tana murza jikinta. Ƙarar ta tashi kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya mai zafi. Mijina ya ja da baya yana salati. Na ji bakina yana furta kalmar da na yi wata da watanni ina kallo a takarda, kuma a karon farko ta yi mini kama da abin da mutum mai rai ya taɓa faɗa cikin tsoro.

Na ɗauka zai bar ta ta tafi. Sai ya juya zarɓar ta wajen kaurinta ya buga mata sau ɗaya a ka. Babu fushi a fuskarsa. Na ce, "Kawu, don me?" Ya ce, "Jikokin kafil suna zuwa nan ran Juma'a, suna gudu babu takalmi." Ya tona rami ya binne ta. Sannan ya zauna a ƙasa, gumi yana zubo masa duk da sanyin safiyar, ya daɗe bai tashi ba. Na ɗauka tsufa ne.

Ya dafa mana shayi a ɗakinsa, ɗakin da gado ɗaya da akwati ɗaya suka cika. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Sha shayinka, zai huce." Iyakar abin da aka ce ke nan. Juma'ar da ta biyo ya zo da kwalbar yajinsa.

Na gyara bayanin ƙasan shafin, na rubuta kawuna, yayan mahaifiyata. Na yi niyyar in karanta masa ranar da zan je in naɗi muryarsa yana bayanin da kansa, domin malamin da ke duba aikina ya ce sai da wannan maganar za ta tsaya. Na ce wa Kawu sati mai zuwa. Jarrabawa ta shigo, na ce bayan jarrabawa. Azumi ya zo, na ce bayan salla. Shi kuwa kullum sai ya ce, "Ina nan, ina za ni?" Ashe baɗinsa na gada ban sani ba.

Bayan rasuwar na je wurin malamin. Mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce babu murya, babu takardar izini, don haka ba za a iya kafa hujja da shi ba. Ya yarda in bar jimla ɗaya, in fara ta da "mai yiwuwa". Haka take a kundin yanzu: mai yiwuwa sunan ya samo asali daga ƙarar da macijiyar ke yi. Kalmar kawuna tana nan a ƙasan shafin. Wannan kam na ce ba zan cire ba, shi ma bai matsa ba.

Ranar sadakar arba'in na kira matar Kawu. Ba mu saba hira ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Don kada shirun ya yi yawa na ba ta labarin safiyar nan ta Umm Salal, yadda ya bi sawu, yadda ya san ƙarar, yadda ya warware mini abin da ya gagari masu ƙamus. Na ce ban san inda ya koyi macizai haka ba.

Ta ce, "Bai gaya miki ba."

Ta ce farkon aurensu sun bar Kumasi sun koma wani ƙauye wajen Salaga, yana noman doya da rana, yana koyar da karatu da yamma. Suna da 'ya ɗaya a lokacin, shekararta huɗu. Wata safiya ta bi shi gona. Yana gaba da fartanya, tana bayansa. Ya ji wata ƙara a gefen kunya, ya ɗauka busasshen ganye ne iska ke kaɗawa, domin shi ɗan birni ne, bai san daji ba. Ya wuce. Ita ta taka. Kububuwa ce. Ya goya ta a keke zuwa asibiti, babu maganin a can, aka ce su tafi gaba. Kwana biyu jini yana fita ta dasashinta, a na uku ta cika.

"Daga nan ya ajiye littattafansa," in ji ta. "Ya bi maharba da Fulani yana tambayarsu, wannan wane ne, yaya yake kwanciya, yaya yake kuka. Sai da ya san su duka. Da ya gama sani sai ya ce ba zai iya zama a ƙasar ba. Na haifa masa wasu uku, ya yi musu komai, ya gina mana gida, amma zuwa yake yi kamar baƙo. Ni ban riƙe shi ba. Na san abin da yake ji idan ya ga gona."

Na tambaye ta ko mahaifiyata ta sani. Ta ce kowa ya sani, shi ne ya roƙa kada a ƙara ambata.

Na tuna na sa shi ya goga hannuwansa ya yi mini ƙarar a ɗakina fiye da sau ɗaya, har ina dariya, ina cewa ya sake. Ya yi ta yi mini.

Ta ce, "Kada ki sa wa ranki damuwa. Da bai so ba, da bai nuna miki ba. Ni shekara da shekaru ban ji ya yi maganar maciji da kowa a gidan nan ba." Sai ta tambaye ni ko kabarin yana da inuwa. Na gaya mata gaskiya, babu, fili ne da rana. Ta ce, "To. Ya saba."

Allah ya sanyaya masa makwanci, ya yafe masa, ya haɗa shi da 'yarsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu tambayi manyanmu tun suna iya amsawa.